Wai Allah ya gama da Yahudawa?

Shugaban Matasa: Jama'a raina ya ɓaci yau a sujada. Mai wa'azi ya tsaya yana cewa wai Yahudawa la'anannu ne tunda su suka kashe Yesu, Allah ya gama da su. To shi Yesun da Maryamu da Bitrus 'yan wace ƙabila ne? Bulus a Romawa 11 ya tambaya ko Allah ya ƙi jama'arsa, ya ce sam. Su ne fa zaɓaɓɓu, mu rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura.

Malamin Littafi: Ɗana gyara wannan kalmar zaɓaɓɓu. A 1 Bitrus 2:9 su wa aka kira zaɓaɓɓu? Masu bi ne.

Mama Zumunta: Malam an ƙwace musu kenan? Romawa 11:29 ta ce Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa.

Malamin Littafi: Mama ban ce an ƙwace ba, cikin Almasihu ba Bayahude ba Baheleni, Galatiyawa 3:28.

Ɗan Katolika: Mu tun 1965 a taron Vatican na biyu, babban taron shugabannin cocinmu, aka ce kar a ɗora mutuwar Yesu kan dukkan Yahudawa, na da ko na yanzu. Martin Luther ɗinku kuwa, ku 'yan Lutheran, a 1543 rubutawa ya yi a ƙone majami'unsu.

'Yar Lutheran: Haba ɗan'uwa, wa ya kore su daga Sifen a 1492? Ba sarakunan Katolika bane, Ferdinand da Isabella?

Baba JP: Ni na je Urushalima da ƙafata, na ga bangon da suke addu'a, duk wanda ya sa musu albarka shi ma zai samu, Farawa 12:3, ku daina wasa da zaɓaɓɓun Allah.

'Yar Lutheran: Baba ka yi haƙuri, Kiristocin Falasɗinu da ke Baitalami fa, su ba zaɓaɓɓu bane?

Baba JP: 'Yata kar ki kawo mana siyasa.

Shugaban Matasa: Ni fa maganar wa'azin nan na kawo, ba wanda ya ce min komai a kai.

Admin: To a tsaya haka. Abin da na fahimta yawancinmu mun yarda da Baba cewa har gobe su ne zaɓaɓɓu, Malam ne kaɗai ya ja. 'Yar'uwa ki goge maganar Falasɗinu don Allah.

Malamin Littafi: Yawancinmu su wa? Ƙirga mana.