Ƙwan tattabaruna na zama bara-gurbi tun da bazara ta shigo

Tambaya daga Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tattabaru aure takwas, ɗakinsu na langa-langa ne a jikin katangar yamma. Da hunturu ba ni da kuka, kusan kowace uwa ta fid da ɗiya biyu. Amma tun watan Maris ƙwai sai ya wuce kwana 18 ana kwanci a kai, in fasa in tarar bara-gurbi. Biyun da suka ƙyanƙyashe ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ƙafarsa ta kumbura, zare ya naɗe masa yatsu. Abin na damuna ƙwarai, don kiwon nan gadon mahaifina ne. Mi zan yi?

Wani dattijo daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ɗana. Langa-langa a katangar yamma cikin bazarar Sakkwato? Ai gasa su kake yi. Ƙwai ɗumin jikin uwa yake so, wajen digiri 37 zuwa 38. Garin nan a Afrilu ko a inuwa zafi na wuce 40, balle ƙarƙashin kwano da la'asar. Ɗan da ke ciki tun bai yi ƙwari ba yake mutuwa. Mu da muka taso, tukwanen ƙasa ake kifewa a gefe a jera musu, don ƙasa ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Nemi tsofaffin tukwane ko da masu tsaguwa ne, ka mai da su inuwar gabas. In ba halin matsar da ɗakin, ɗora zana biyu bisa kwanon, ka bar rata tsakani iska ta riƙa wucewa. Ruwan sha kuma safe da rana, da kasko na wanka. Uwar da ƙishirwa ta kora daga kan ƙwai ba ta da laifi.

Wata mai kiwo daga Arkilla:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni maganar zaren nan ta tsaya mini. Malam, leƙa cikin sheƙar. Na tabbata za ka ga zaren buhu, da guntun leda, da gashin ƙari da mata ke zubarwa bayan tsifa. Tsuntsun gari abin da ya samu a bola shi yake ɗauka. Kara yana karyewa, zaren roba ba ya tsinkewa, yana ƙara shiga nama ne yadda ɗan ke girma har yatsa ya guntule. Yau ɗin nan ka sa ƙaramin almakashi ka warware shi a hankali, ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi. Sannan ka zuba musu siraran ƙirare da busasshiyar ciyawa kusa, su ɗiba da kansu.

Wani ɗalibi daga Gidan Igwai:
An taɓa bincike a birnin Meziko, aka ga ƙananan tsuntsaye na sa guntun sigari a sheƙa, kuma yana rage musu ƙwari masu shan jini. Ko a gwada?

Dattijon Runjin Sambo:
A'a yaro, kada a kai guba gun jinjiri. Ga dogon yaro ko'ina a garin nan. Busasshen ganyensa kaɗan a ƙasan sheƙa, da ɗan toka, shi muka sani. Sai dai kar a bar gindin tukunya sumul, ƙafar ɗan na zamewa ta buɗe, ya tashi bai iya tsayuwa.

Mai tambaya:
Allah shi saka da alheri. Na duba yanzu, sheƙa biyar duk zaren buhun shinkafa ne. Na cire na ƙafar, yatsa ɗaya dai ya riga ya yi baƙi. Baba, uwayen da ke kan ƙwai yanzu, in na matsar da su ba za su ƙi komawa ba?

Dattijon Runjin Sambo:
Za su ƙi. Waɗannan bar su inda suke, zana kawai za ka ɗora musu. Sauran ka fara da su gobe da asuba.