Ƙofar gareji ta faɗo wa ƙanena, mai walda na neman a rufe magana da wuri

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku, don kaina ya ɗaure. Wata biyu da suka wuce na ba wani mai walda aikin ƙofar gareji ta ƙarfe, irin wadda ake turawa gefe a kan tayoyi. Na biya shi sefa dubu 380 har da kafawa. Ranar Juma'ar da ta gabata ƙanena ya dawo daga aikin acaɓa bayan isha'i, ya tura ƙofar zai shigar da mashin, sai ta wuce ƙarshen layinta ta kife a kansa. Mu huɗu muka ɗaga ta. Ƙashin cinyarsa ya karye, an yi masa aiki an sa ƙarfe, kuma zuwa yau mun kashe sama da dubu 400.

Da gari ya waye na duba wurin. Babu ƙarfen da zai tare ƙofar a ƙarshen layi, maƙalin sama kuwa ɗigon walda biyu ne kawai ke riƙe da shi, sun ɓalle. Mai waldan ya zo dubiya, ya ce ƙaddara ce, zai ba da dubu 50 ya gyara ƙofar kyauta, mu je gaban lawan, wato mai unguwarmu, a rubuta an gama. Mahaifinsa aminin marigayi babanmu ne, shi ya sa nake jin nauyi. Amma ƙanen nawa mata gare shi da 'ya'ya biyu, mashin ɗin nan ne abincinsu. Me zan yi?

Wani mai walda, daga Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Yallaɓai, shekarata ashirin a wannan sana'a, kuma ba na son kushe ɗan uwana, amma ƙofar turawa ba ta zama babu matari a ƙarshe da maƙali mai ƙarfi a sama. Tayoyin ƙasa nauyi kawai suke ɗauka, ba su ne ke hana ta kifewa ba. Ko yaron shago ya san haka. Kada ka bari ya taɓa ƙofar nan yanzu. Ranar da ya gyara ta, shaidarka ta tafi. Ka ɗauki hoton ɗigon waldan da ya ɓalle kusa-kusa, da ƙarshen layin.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Yaya, don Allah kada 'yan uwa su matsa a cire shi a kai wa mai ɗori tunda an riga an sa ƙarfe. Karayar cinya wata da watanni take ɗauka, wani lokaci a sake shiga aiki don cire ƙarfen. Ka roƙi likitan da ya yi aikin takardar shaida ta kotu, wadda ke faɗin kwanakin da ba zai iya aiki ba. Rasit na magani, hoton ƙashi, har kuɗin motar zuwa asibiti, a tara su a leda ɗaya.

Wani mai aiki a ofishin lauya, daga Gaundere:

Alhaji, doka tana gefen ƙanenka. Sashe na 1382 da na 1383 na Code civil, wato dokar haƙƙoƙi tsakanin mutane da ake aiki da ita a Kamaru, sun ce wanda ya jawo wa wani cuta, ko da sakaci ne ba ganganci ba, shi zai biya. Sashe na 289 na dokar hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, ko tarar sefa dubu 10 zuwa dubu 500, ko duka biyun, ga wanda sakacinsa ya raunata mutum har ya kasa aiki fiye da kwana 30. Idan kun kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko jandarma aka tura kotu, ƙanenka na iya neman diyya a cikin shari'ar nan ɗin. Idan kuma kuɗi kawai kuke nema, kotun matakin farko ce ke sauraron abin da bai wuce miliyan 10 ba.

Hoton waya yana da amfani, amma ka kira husiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya zo ya gani da idonsa ya rubuta, takardarsa ta fi nauyi gaban alƙali. Abu ɗaya kuma da ba za ka so ji ba: ƙofar taka ce, kuma sashe na 1384 yana kama mutum a kan abin da ke hannunsa. Mai waldan zai iya cewa kai ka rage kuɗin aiki ko ka ga ƙofar na rawa ka yi shiru. Akwai rasit? Akwai saƙon WhatsApp na ciniki? Sannan haƙƙin na ƙanenka ne, ba kai za ka yafe a madadinsa ba.

Wani malami, daga Garwa:

Ɗana, sulhu alheri ne, kuma zumuncin mahaifinku abin kiyayewa ne. Sai dai faɗin ƙaddara ba ya sauke lamuni daga wanda ya yi sakaci. A Malikiyya ma ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke, don a ga ko ya bar naƙasa. Ku je gaban lawan, amma abin da za a rubuta shi ne mai waldan ya ɗauki rabonsa na jinya da cefanen gidan yaron wata-wata, sauran magana sai likita ya sallame shi. Idan ya ƙi wannan, ba kai ka yanke zumunci ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Rasit babu, amma saƙonnin cinikin suna wayata, har da inda na ce masa ƙofar na karkata ya ce zai zo. Na ɗaure ta da sarƙa a inda ta faɗi, gobe husiye zai zo. Na karanta wa ƙanena amsoshinku a gadon asibiti, ya ce a fara da lawan yadda Malam ya faɗa, amma ba zai sa hannu a kan dubu 50 ba.