Neman shawara: tun da na yaye ta take birgima har ta shiɗe

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. 'Yata ta cika shekara 2, na yaye ta bayan ƙaramar Sallah. An kai ta wajen kakarta kamar yadda aka saba, to tun da aka dawo min da ita ta zama wata daban. Na raba mata biskit gida biyu, kuka, wai na lalata. Takalmi ita za ta sa da kanta, ta sa na hagu a dama, in na gyara sai birgima. Bakinta ba komai sai "a'a" da "nawa ne". Wannan duk zan iya jurewa. Abin da ke tsorata ni, wani lokacin in ta ja kukan sai numfashin ya tsaya, leɓenta ya yi baƙi, jikinta ya saki, can sai ta dawo. Surukata ta ce kada a kuskura a ɓata mata rai, duk abin da ta nuna a ba ta. Babanta ya ce sangarta ce kawai, tsawa take so da 'yar bulala. Ni ina tsakiya, ya zan yi?

Maman Haidar: Wa alaikumus salam. Rigimar yaye ce ta haɗu da ta shekaru. Ki duba, a lokaci guda aka raba ta da nono aka raba ta da ke. Da can in ranta ya ɓaci nono ke lallashinta, yanzu babu, kuma bakinta bai kai ta faɗi abin da ke damunta ba. Ki dawo da goyo. Da yamma kina aiki ki ɗaure ta a baya ko da tana da nauyi, kuma ki kwanta kusa da ita har barci ya ɗauke ta.

Anti Nas: 'Yar uwa, ki raba maganar biyu, rigima daban, shiɗewa daban. Shiɗewar da ke zuwa bayan kuka ko fushi sananniya ce a yara daga wata 6, kuma yawancinsu suna daina ta kafin shekara 6. Ba da gangan take yi ba, don haka bulala ba ta da abin da za ta gyara a nan. In ta faru ki kwantar da ita a ƙasa ta gefe ɗaya, ki kawar da abin da zai buge ta. Kada a girgiza ta, kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko manja. Galibi ba ta kai minti ɗaya za ki ga ta ja numfashi. Amma ki kai ta asibiti a duba ta, ki nemi a auna jininta, don ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, yana ƙara yawan shiɗewar, kuma a nan zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna cinye jinin yara sosai. In kuwa akwai zazzaɓi, ko jijjiga, ko abin ya zo ba tare da kuka ba, ko ta daɗe ba ta dawo daidai ba, wannan ba na jira ba ne, a tafi a take.

Ummu Sadik: Ni fa ina bayan babanta. Mu da aka doke mu me ya same mu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hajiya Babba: Ummu Sadik, tanƙwarawa aka ce, ba a ce karyawa ba. Yarinyar da ko fitsari ba ta gama riƙewa ba za ki ɗaga wa bulala? Manzon Allah (SAW) yana sallah ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. In ya ji kukan yaro yakan gajarta sallah saboda uwarsa. Amma 'yata, maganar surukarki ma ba za ta ɓulle ba. In yau kika ba ta wuƙa don kada ta shiɗe, gobe fa? Abin da kika hana ya hanu, ki zauna kusa da ita ta gama kukan, ki ce "na san kina so, amma babu", sannan ki rungume ta. Abin da ba ya cutarwa kuma, kamar takalmin nan, ki bar ta ta yi yawo da shi a juye a tsakar gida, wa zai kama ta? Ita kuma surukar taki, kada ki yi musu da ita. Ki ce wa mai gidan ya tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin likita da kunnenta. Da safe da yamma ki tofa mata Falaƙi da Nasi.

Maman Biyu: Ki lura da lokacin da take yi. Nawa kullum gab da azahar ne da bayan magariba, wato yunwa da barci. Masu shekarunta suna buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kullum, na dare har da na rana. Sannan ki daina tambayarta "za ki yi wanka?" don amsar a'a ce. Ki ce "da kofi ja za mu yi ko da shuɗi?" Waya kuma kada ta zama abin kashe kuka. Kuma don Allah a daina ce mata ga dodo nan ko ga mai allura, ranar rigakafi ke za ki sha wahala.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, tun yayen nan ba ta son komai sai shayi da burodi, safe da dare. Ko yana da alaƙa?

Anti Nas: Zai iya. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, ga shi ya cika mata ciki. Ki cire ganyen, ki riƙa ba ta hanta, kifi, ƙwai, alale, faten wake da miyar zogale ko alayyahu, ko cokali biyu ne, ki bi da ɓarin lemo. Ta ƙi yau, ki sake kawowa jibi, ban da ɗure. Maganin ƙarin jini kuma kada ki saya a kemis da kanki, ki bari sakamakon gwajin ya fito likita ya rubuta.