Yadda ake wanke ruɓar batir a tsofaffin motocin wasan yara

Ga abin da na tattaro daga hirarmu da masu gyara kan motocin wasan nan na gwanjo da ake samu a Kasuwar Barci ta Kaduna, waɗanda batir ya fashe a ciki ya bar farin gari kamar kanwa a jikin sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke danne batirin a mazauninsa.

Kowa ya yarda a fara cire batirin, a sa safar hannu don abin yana cin fata, kuma don Allah kar a hura da baki ya faɗa ido. Abin wankewa kuwa ya danganta da irin batirin. In batirin alkalin ne irin Duracell, ruwan khal ko lemon tsami za a ɗiga da auduga, za ka ga yana kumfa, sai a bi da tsohon burushin haƙori. Amma babban batir mai bolt 6 ko 12 na motar da yaro ke hawa asid ne, shi bekin soda ake kwaɓawa da ruwa kaɗan.

Daga nan a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai, a kankare ƙarfen da sanfefa mai laushi. In sifirin ya cinye kuwa ni dai gara a kai Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, a sa sabo da a yi ta kankara har ya karye.