Ɗan kwikwiyona ya ƙi girma, me zan dinga ba shi?

Dan_Rigasa:
Salam jama'a, dan Allah masu kiwon kare ku taimaka min. Abokina ne ya ba ni ɗan kwikwiyo saboda gadin gareji, yanzu zai yi sati 8. Da safe ina dama masa madarar gari, da daddare kuma ragowar tuwo da miya, to amma cikinsa ne kawai ke kumbura kamar ganga, haƙarƙari duk a waje ga zawo kullum. Wlh tausayi yake ba ni, dabba ce ba bakin faɗa kuma amana ce a hannuna.

Baba_Maharbi:
Yaro an raba shi da uwarsa da wuri ne, mu sai ya kai sati 7 ko 8 muke ɗaukewa. Kuma wannan cikin ba ƙoshi ba ne, tsutsa ce. Sau biyu a rana ya yi masa kaɗan, cikinsa ƙarami ne, ka raba masa sau 4 kaɗan-kaɗan har ya yi wata 3, daga nan sau 3, in ya yi wata 6 sai ka koma sau 2.

Ummu_Hanif:
Ɗan uwa ka dakatar da madarar nan tukuna, yawancinsu cikinsu ba ya ɗaukar madarar shanu shi ya sa yake zawo. Miyar ma ka bari don akwai albasa da tafarnuwa a ciki kuma suna lalata musu jini ko da an dafa, ga gishiri da magi da barkono. Ni namu shinkafa nake dafawa ta yi luguf ba gishiri in saka dafaffen ƙwai ko kifi da na cire wa ƙaya, wani lokaci 'yar hanta kaɗan da kabewa, tuwo zalla ba ya gina jiki, cika ciki ne kawai. In da hali ka sayi abincin leda wanda aka rubuta na kwikwiyo ne, ka jiƙa da ruwan ɗumi. Kar ka ba shi dafaffen ƙashin kaza, tsagewa yake ya soki hanji. Ruwa mai tsafta kuma kar ya yanke.

Sadiq_Jos:
Duk gaskiya suka faɗa, amma malam kar ka tsaya kan abinci kawai, gobe ka kai shi asibitin dabbobi a auna nauyinsa a ba shi maganin tsutsa daidai da kilonsa, ana maimaitawa duk sati 2 har ya kai sati 12. Lokacin allurar rigakafin parvo (cutar karnuka mai sa amai da zawon jini) ma ya yi, ta haukan kare kuma sai ya yi wata 3. In ka ga zawon da jini ko yana amai ya ƙi cin abinci to kar ka jira gari ya waye.

Dan_Rigasa:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ba jini a zawon, kuma yana ci sosai. Malam Sadiq in an ba shi maganin tsutsar zan iya ba shi ƙwan a ranar ko sai washegari?