Kwafe folda gaba ɗaya da PHP, wa ya san hanya?

Aminu: Salamu alaikum 'yan zaure. Manhajar makarantu nake haɗawa da yaren rubuta manhaja na PHP, duk makarantar da ta yi rajista ina so a kwafe mata foldar zane da duk abin da ke ciki. copy() ta ƙi.

Hajara: Wa alaikumus salam. Ai copy() fayil ɗaya take ɗauka, ba ruwanta da folda. Ka rubuta function mai kiran kanta: scandir ta lissafo abin da ke cikin foldar, mkdir ta ƙirƙiri sabuwar folda, sannan copy. Ka tsallake "." da ".." (foldar kanta da wadda ke samanta), in ba haka ba za ta yi ta zagaye.

Bashir: Laravel kake, tsarin nan da aka gina kan PHP? File::copyDirectory ta gama maka.

Aminu: PHP zalla ne, yallaɓai.

Nura: exec (mai aika umarni kai tsaye ga server) da cp -r (umarnin kwafe folda), layi ɗaya, ka huta.

Malam Sani: Nura, masu hosting mai arha yawanci sun kulle exec. Aminu, ka ji wannan. Na gaji wani aiki daga hannun wani yaro, ya sa a riƙa kwafe foldar shafin kowane dare, amma ya ajiye foldar backup a cikin foldar da ake kwafewa. Kwafin jiya ya shiga na yau, na yau ya shiga na gobe, har wurin ya cika maƙil. Shafin ya tsaya ana tsakiyar rajistar ɗalibai, iyaye na ta kiran mai makaranta, shi kuma yana kirana. Ga max_execution_time, iyakar lokacin da PHP ke ba aiki, na sakan 30, wasu daren rabin fayilolin kaɗai ke wucewa, babu wanda ya sani. Ka tabbatar inda za ka zuba yana waje, kuma ka duba abin da copy() ta dawo da shi. In ta tarar da fayil mai suna iri ɗaya, danne shi take yi ba sallama.

Nura: Ku dawo Node (JavaScript na server) mana, fs.cp mai kwafe folda na nan tun sigar 16.7.

Bashir: Kai kullum wa'azin Node. Nawa suke biyanka?

Nura: Fiye da abin da PHP ke biyanka 😂

Hajara: Aminu, sunan foldar daga ina yake fitowa? In daga fom ne, wani zai rubuta ../ ya fita inda ba ka zata ba. Yi amfani da lambar makarantar.

Aminu: Daga fom ne wallahi. Bari in gyara. To izinin 777, wanda kowa zai iya rubutu a ciki, zan sa wa foldar?

Malam Sani: Subhanallah. 755, mai foldar kaɗai ke iya rubutu.

Bashir: Af, wa ke da hosting da ake biya da naira? Katina ya ƙi wucewa.