Me za mu kira Foley da Hausa? Ranar Juma'a za mu miƙa fim

Ɗalibar fim, Agege:
Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka, lokaci ya ƙure mana. Mu bakwai ne a rukuninmu, muna ƙarasa gajeren fim na minti 12, kuma Juma'a da sha biyun rana za mu miƙa wa malaminmu. Da Hausa 'yan wasan suka yi magana, shi ya sa na dage sai an jera sunayen ma'aikata da Hausa da Turanci a ƙarshe. Ba da umarni, ɗaukar hoto, tacewa, ci gaban shiri, duk na bi yadda ake rubutawa a finafinan Kano. Guda ɗaya ta cije mini: Foley, wato ƙarar abubuwa da ake sake yi daga baya a ɗora wa fim.

Ranar da muka yi ɗauka, janaretan maƙwabta da hon ɗin motocin haya na danfo suka cinye komai, da ƙyar muka tsira da maganar 'yan wasa. Wani ɗan rukuninmu, Bayarabe ne, ya kwana uku yana gyarawa. Sai ƙarfe ɗayan dare, in unguwa ta yi tsit, yake zuba garin kwaki a faranti, ya sa silifa a hannu yana taka shi, idonsa kyam a kan kwamfuta don takun ya zo daidai da ƙafar yarinyar da ke cikin fim ɗin. Har shaddar yayana ya ara yana murzawa a bakin makirfo. Ba zan iya cusa shi ƙarƙashin "sauti" kawai ba, ya fi ƙarfin haka.

Mai tacewa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Kwaikwayon sauti.

Ɗalibar fim, Agege:
Yaya, na gwada wa Mama shi ɗazu, ta zaci mai kwaikwayon muryar mutane nake nufi.

Abu Hanan:
To ƙagen sauti fa? Ai ƙaga shi ake yi.

Mai tacewa, Idi-Araba:
A'a, ƙage ya riga ya ɓaci. Duk wanda ya gani sharri zai fara zuwa masa a rai.

Baba Malam, Obalende:
Ɗiyata, rubuta SAUTIN GIZO. Na jima da kalmar nan a raina. Gizo shi ne gwanin dabara a tatsuniya, muna cewa abu yana yi wa ido gizo, muna da bakan gizo. Wannan aiki kuwa kunne yake yi wa gizo: mutum ya ji takun yashi alhali garin kwaki ne. Ba a taɓa samun kalmar da ta zauna daram irin wannan ba.

Abu Hanan:
Baba, kalmar ta yi daɗi, amma yau in aka ce gizo yanar gizo yara suke ji. Za su ɗauka a intanet ya sauke sautin, wanda kuwa shi ne akasin wahalar da yaron ya sha.

Uwar Gida, Mile 12:
Ku bar shi Foli mana. Sunan mutum ne fa, Jack Foley, wanda ya yi wannan aiki a kamfanin Universal na Amurka tun farkon shigowar sauti cikin finafinai, ya rasu a 1967. Suna ba a fassara shi. Dizal ma sunan wani Bajamushe ne, ba wanda ya ce a canza.

Baba Malam, Obalende:
Wannan lalaci shi ya kai mu inda muke. Darakta, furodusa, lokeshin, yanzu kuma Foli. Ƙamusun Bargery tun 1934 yake cike maƙil da kalmomi, ga na Jami'ar Bayero na 2006, amma ba mai buɗewa. Zaman Legas ya sa yaranmu sun fara jin kunyar harshensu.

Uwar Gida, Mile 12:
Haba Baba, wannan magana ta yi mini zafi. A nan aka haife ni, a nan na haifi 'ya'yana, kuma Hausa muke yi a gida safe da yamma. Yarinyar da ta tsaya gaban 'yan rukuninta ta ce sai an rubuta da Hausa ita ce mai jin kunya? Lokeshin ɗin ma ba daga Legas ta fito ba, a bakin 'yan fim na Kano muka ji ta. Sunan Kannywood kansa rabinsa aro ne.

Ɗan Fagge:
Hajiya, a bar Kano ta huta. In ana neman daidaitacciyar Hausa ai can ake komawa.

Abu Hanan:
Sakkwatawa na jin ka.

Ɗalibar fim, Agege:
Iyayena don Allah, gobe Alhamis, kuma fitar da fim ɗin daga kwamfutarmu kaɗai yana cin awanni, in wuta ta tsaya ke nan.

Mai tacewa, Idi-Araba:
Ƙanwata, duba abin da ya yi: taku, shafar tufa, ajiye kwano, buɗe ƙofa. Duk motsi ne. Sa "Sautin motsi", sunansa a gaba. Ya rabu da ɗaukar sauti, ya rabu da kiɗa, kuma zai shiga layi ɗaya.

Abu Hanan:
Bai nuna cewa daga baya aka haɗa shi ba. Da "Haɗa sautin motsi" ne, sai ya bi sahun ba da umarni da ɗaukar hoto, duka suna faɗin aikin da aka yi.

Ɗalibar fim, Agege:
Na karanta wa Mama, ta ce, "Wato ƙarar tafiya da su kwanuka?" Na rubuta "Haɗa sautin motsi", Foley kuma yana ɓangaren Turanci. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba Malam, Obalende:
Ya fi Foli dai. Amma bayani ne kuka yi, ba suna kuka raɗa ba. Ni ina nan a kan sautin gizo. Allah ya ba da sa'a, ɗiyata, ki turo mana mu gani in an gama.